Rijiyar da aka shiga jiya lafiya, me ya sa yau ta ci mutum biyu?

Tambaya: "Assalamu alaikum Malam. Ni ƙaramin ɗan kwangila ne, ina da yara bakwai, sana'armu haƙar rijiya da yasarta, wani lokaci kuma mu gina sokawe ko mu gyara wanda ya cika. Kwanan baya a unguwar da muke aiki wasu 'yan'uwa biyu, wa da ƙani, suka rasu a wata tsohuwar rijiya mai gaba goma sha biyu. Ƙanin ya sauka yasa sai aka ji shiru, wan ya bi shi, shi ma shiru. Alhali ana gobe abin zai faru an shiga rijiyar nan an fito lafiya. Mutane suna cewa rijiyar tana da iska. Maigidana da ya koya mini aiki fitila yake zurawa kafin a shiga, in ba ta mutu ba sai a sauka, ni ma haka nake yi har yau. Shin wannan ya isa? Kuma me mutum irina zai yi, wanda ba shi da kuɗin kayan Turawa?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya jiƙan waɗannan bayi nasa, ya ba iyayensu haƙurin rashin 'ya'ya biyu a wuni ɗaya. Malam, in na fahimce ka, abu uku kake nema: me ke kashe mutum a rami ba tare da ya nutse ko ƙasa ta rufta masa ba, shin fitila tana iya gano abin, sannan me za ka iya yi da abin da ke hannunka. Na daɗe ina aikin kula da lafiyar ma'aikata a masana'antu da wuraren ajiyar mai, kuma a duk takardun izinin aiki da nake sa wa hannu, babu wadda biro ke yi mini nauyi a kanta kamar ta shiga tanki ko rami. Saboda haka ka yi haƙuri, zan ɗan tsawaita.

Masu cewa rijiyar tana da iska, ba ni da jayayya da su a kan kalmar. Iska ce kam. Batun mutanen ɓoye na bar wa malamai, ba fagena ba ne. Amma iskar da na sani, wadda na'ura ke aunawa ta nuna lamba, ta isa ta kwantar da ƙato cikin numfashi biyu, kuma yadda take kisa shi ne sak yadda ka ba da labari: na farko ya yi shiru, na biyu ya bi shi ya yi shiru.

Tafkin da ido ba ya gani

A aikinmu akwai wuraren da ake ware wa doka ta daban: duk inda mutum zai iya shiga ya yi aiki, amma ƙofarsa ƙarama ce ko hawa da saukarsa da wuya, kuma ba don zaman mutum aka yi shi ba. Rijiya tana ciki, da masai, da sokawe, da tankin ruwa na ƙarƙashin ƙasa, da tankin gidan mai, da cikin tankar mota, da doguwar kwalbati, da ramin masu haƙar zinariya. Ba sai wuri ya yi zurfi ba. Tankin da bai kai tsayin mutum ba ma ya isa, in mutum ya zura kansa ta murfi ya shaƙa.

Iskar da muke shaƙa a sarari, kashi 20.9 cikin ɗari nata oksijin ne, sauran kusan duka naitirojin. A fili wannan lissafi ba ya canzawa, domin iska tana kaiwa tana komowa. A rami kuwa abin da aka cinye ba ya dawowa da wuri, abin da ya taru kuma ba ya fita. Masu cin oksijin a rijiya suna da yawa, kuma duk a shiru suke aikinsu: ganyen da ya faɗa yana ruɓewa, mushen ɓera ko na kaza, taɓon da ya shekara a ƙasa, tsatsar ƙarfe, har ita kanta ƙasar bangon. Ruɓa tana cin oksijin ta fitar da kabon dayoksaid, wanda nauyinsa ya kai ɗaya da rabi na iska, sai ya gangara ya kwanta a gindin rijiya kamar yadda ruwa ke kwanciya a ƙwarya. Kana tsaye a baki kana shan iskarka mai daɗi, gaba goma a ƙarƙashin ƙafarka akwai tafki cike da abin da ba a shaƙa.

Wanda yake ganin iska ba ta da nauyin da za ta kwanta, ya tuna da Tafkin Nyos a arewa maso yammacin Kamaru. A daren 21 ga Agusta, 1986, tafkin ya amayar da kabon dayoksaid mai yawa, iskar ta bi kwari ta gangara cikin ƙauyuka kamar ambaliya, ta kashe mutum fiye da 1,700 da dabbobi kusan 3,500, yawanci a inda suke kwance.  Wancan a sararin Allah ke nan, balle ramin da faɗinsa bai wuce mita ɗaya ba.

Ƙa'idar da muke aiki da ita ita ce in oksijin ya sauka ƙasa da kashi 19.5, ba a shiga. In ya yi ƙasa da 16, numfashi da bugun zuciya suna sauri, hannu ya fara kuskure, tunani ya fara lauyewa. Wajen kashi 10 suma ce. Ƙasa da 6 kuwa mintuna kaɗan ne tsakanin mutum da lahira. Abin da ya sa wannan ya fi maciji mugunta shi ne abin da yake fara ɗaukewa: hankalin da za ka gane kana cikin haɗari, da ƙarfin da za ka kama igiya ka hau. Shi ya sa ba a jin ihu. Mutane sukan ce, "Da wani abu ne ai da ya yi magana." Ba zai yi ba. Wanda iska ta kama a rami ba ya kiran kowa.

Wari, da hayaƙi, da abin da ke kama wuta

Ƙarancin oksijin abu ɗaya ne cikin huɗu. Na biyu shi ne wanda ya fi shafar aikinka na sokawe da masai: haidurojin salfaid, iskar nan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai. Hanci yana jin ta tun ba ta kai kashi ɗaya cikin miliyan ba, wannan ya sa mutane ke zaton hancinsu zai gargaɗe su. To amma in ta kai wajen kashi 100 zuwa 150 cikin miliyan sai ta kashe jijiyar jin wari, mutum ya daina jin komai. In ta kai 700 zuwa 1,000, shaƙa ɗaya ko biyu mutum ya zube kamar an sare shi. Ita ma ta fi iska nauyi, a ƙasa take zama, kuma mafi yawanta a ɓoye take a cikin taɓo da ƙazanta sai an motsa.

Wannan na gan shi da idona. A wata masana'anta da na yi aiki za a kwashe ramin da ruwan datti ke taruwa. Da safe na zura na'ura sama da tsakiya da ƙasa, komai daidai, na sa hannu a takarda. Ma'aikacin ya sauka da na'urar a maƙale a ƙirjinsa, igiya a bayansa. Ya caka shebur a cikin baƙin taɓon nan ya ɗaga, sau biyu ko uku, sai na'urar ta fara ƙara, jar wutarta tana walƙiya a bangon ramin. Muka ja shi sama yana ta mita, wai mun katse masa aiki. Da ya zauna a baki, idonsa ja yana hawaye, sai ya ce mini, "Oga, ai warin ma ya tafi." Wannan maganar tasa ita ce ta fi tayar mini da hankali a ranar, domin warin bai tafi ba, hancinsa ne ya mutu. Kuma laifi nawa ne da na amince da awon safe, alhali na san taɓon da ba a taɓa ba bai faɗi abin da ke cikinsa ba tukuna. Tun daga ranar, ramin da ke da taɓo sai an dama shi da dogon itace daga sama, an jira, an sake aunawa.

Masu kwasar masai, waɗanda a Kano ake ce wa 'yan gidan kowa da akwai, da yawansu sukan zuba kananzir don kashe wari. Warin yana raguwa, gubar tana nan, an kuma ƙara wa ramin abin kama wuta.

Na uku shi ne kabon monoksaid, kuma wannan mu ne muke kai shi da hannunmu. Rijiya ta yi ruwa, ana so a janye a ci gaba da haƙa, tiyon injin ban ruwa bai kai ba, sai a sauke injin a kan katako a cikin rijiyar, ko a ajiye shi daf da baki hayaƙinsa yana kallon ramin. Wannan iskar ba ta da launi, ba ta da wari, kuma jini ya fi son ta da oksijin fiye da sau 200. Ita ce dai ke kashe iyali guda a ɗaki in an kwana da janareta a ciki. Kashe injin ba ya kore ta, tana nan a ramin bayan an kashe. Duk injin da ke shan fetur ko gas ba shi da hurumi a cikin rijiya ko a bakinta. Ka nemi famfon lantarki mai nutsewa, wanda ake kira sumo, janaretan kuma ya yi nisa, a ɓangaren da iska ke tafiya da hayaƙinsa, ba inda take kawo shi ba.

Na huɗu mai kama wuta ne. Ƙazanta in tana ruɓewa tana fitar da gas ɗin mitein, wanda in ya kai tsakanin kashi 5 da 15 cikin ɗari na iskar wuri, tartsatsi ɗaya ya isa. Turirin fetur ya fi shi saurin kamawa, bai kai kashi 2 ba yake tashi, kuma shi ƙasa yake bi. Kada ka ce ai kai ba ka aikin tanki. Rijiyar da ke maƙwabtaka da gidan mai ko wurin 'yan bumburutu, tanki yana iya yoyo a ƙarƙashin ƙasa man ya biyo ruwa ya iso ta.

Jiya lafiya, yau gawa

Wannan shi ne abin da ya fi rikita mutane, shi ne kuma ke ƙarfafa zancen iskoki. Iskar cikin rijiya ba a tsaye take ba, rijiya tana numfashi. Idan nauyin iskar sararin sama ya ragu, kamar lokacin da hadari ke haɗuwa, iskar da ke maƙale a cikin ƙasa da tsagar duwatsu, wadda ba ta da oksijin, takan tsattsafo ta cika ramin. Janye ruwa ma yana buɗe kafofin da ruwan ya toshe. Sannan aikin jiya shi kansa yana iya zama sanadin na yau: an dama taɓon da ya yi shekaru a kwance, an kunna inji, da yamma aka rufe bakin da kwano ko tabarma don kada yara su faɗa, abin ya kwana yana taruwa. Da safe wanda ya shiga jiya ya fito lafiya shi ne zai sauka ba tare da wani ɗar ba. Sabo da kaza dai ba ya hana a yanka ta. Ban ga rijiyar unguwarku ba, ba zan yanke maka wanne ne cikin waɗannan ba, amma kowanne ya isa shi kaɗai. Shi ya sa a wurinmu awon jiya ba ya aiki yau, awon safe ma ba ya aiki bayan an tashi cin abinci an dawo.

Fitilar maigidanka

Allah ya saka wa maigidanka da alheri. Wanda ya koya maka zura fitila ya san akwai abin tsoro a ƙasa, ya kuma fi wanda ke sauka da bismillah kawai. Dabarar tana da tushe: wuta tana buƙatar oksijin, in babu sai ta mutu. In ka zura fitila ta mutu, ta gaya maka gaskiya, kada kowa ya sauka.

Matsalar tana wurin da ba ta mutu ba. Harshen wuta yakan ci gaba da ci har oksijin ya sauko wajen kashi 16, wato tana iya ci a iskar da mu tuni mun hana shiga, iskar da mai saran ƙasa da diga zai galabaita a cikinta. Wannan ƙaramar matsalar ke nan. Babbar ita ce fitila ba ta san guba ba. Haidurojin salfaid da zai kashe mutum nan take bai wuce kashi ɗaya cikin dubu na iskar ramin ba, fitila za ta ci gaba da haskenta lafiya lau a kan gawa. Haka kabon monoksaid. Idan kuwa abin da ke ƙasa mitein ne ko turirin fetur, to fitilar ba gwaji ba ce, ashana ce. A sokawe, da masai, da duk rijiyar da ka ji ƙanshin mai a ruwanta, kada ka kusanto da wuta ko sigari, ko da wasa. Cikin abokan gaba huɗu, fitila ɗaya take gani, shi ma sai ya yi yawa.

Wasu kaza suke zurawa a kwando. Ita ma tana da asali, masu haƙar kwal a Ingila sun yi ta sauka da tsuntsun kanari har zuwa 1986 kafin na'ura ta maye gurbinsa. Kaza ta fi fitila ta fuskar guba, amma labarin lokacin da aka zura ta kawai take bayarwa, ba ta san abin da shebur zai tono ba. Jiƙaƙƙen tsumma a hanci kuwa, ko takunkumin da aka saba da shi lokacin korona, ƙura suke tarewa. Ba sa tare gas, ba sa ƙirƙiro oksijin inda babu.

Abin da ke ganin duka huɗun ita ce na'urar awon gas, girmanta bai fi babbar wayar hannu ba. Ana kunna ta a sarari a ga ta nuna 20.9, sannan a zura ta da igiya a hankali, ana tsayawa kowace mita ɗaya da 'yan kai ana ba ta lokaci, domin mitein sama yake taruwa, kabon monoksaid yana gauraye ko'ina, masu nauyi suna ƙasa. Oksijin ake fara dubawa, sai mai kama wuta, sai guba. Bayan haka ta zauna a jikin wanda ya sauka har ya fito. Tana da tsada ga mutum ɗaya, ban musa ba, kuma tana son kulawa, domin ƙwayoyin awonta suna tsufa, musamman na oksijin, sai ana gwada ta ana sauya su. Na'urar da ta lalace tana nuna lafiya ta fi rashin na'ura haɗari. Amma ku masu wannan sana'a kuna da ƙungiya, kuna adashi. Guda ɗaya a hannun shugaban ƙungiya, ana karɓa ana biyan wani abu, a sa kuɗin a cikin jingar mai rijiya, ba abin da ya gagara ba ne.

Kafin na'ura ta samu

Tambayar farko da nake yi a kowane aiki ita ce: dole ne sai mutum ya shiga? Sau da yawa ba dole ba ne. Guga ya faɗa, akwai ƙugiya. Sokawe ya cika, akwai motar zuƙa, akwai dogon moɗa. Waya ta faɗa masai, a yi mata ta'aziyya. Ba wasa nake ba, rayukan da aka rasa a garuruwanmu wajen ciro waya ko akuya daga rami, 'yan kwana-kwana ne suka san yawansu.

In shiga ta zama dole, sai a sauya iskar ramin. A buɗe baki tun da wuri, amma buɗewa kaɗai ba ta fitar da abu mai nauyi daga gaba goma sha biyu, fanka a baki ma saman kawai take kaɗawa. Abin da ke aiki shi ne bulowa mai tura iska, a ɗaura mata doguwar leda mai kamar hanji ko faffaɗan tiyo har ya kusa taɓa ƙasa, iska mai kyau ta sauka gindi ta turo mugunyar sama. A bar ta ta yi aiki sosai kafin a sauka, kada kuma a kashe ta muddin akwai mutum a ciki. In wuta ta ɗauke, mutum ya fito, ba sai an ga yadda hali zai yi ba. A lura da inda bulowar take zuƙo iskarta, kada ta kwaso hayaƙin janaretan da ke ba ta wuta ta aika wa na ƙasa. Dabarun gargajiya, irin su zura reshe mai ganye ko buɗaɗɗiyar lema ana ja ana saki, suna motsa iska, sun fi zama haka nan, amma a rijiya mai zurfi ba zan ɗora ran yarona a kansu ba. Abu ɗaya da nake roƙonka: kada wani mai wayo ya kawo tukunyar oksijin ta masu walda ya ce zai sake ta a ramin. In oksijin ya wuce kima, riga da gashin mutum kamawa suke kamar an zuba musu fetur.

Sai igiya. Ba igiyar guga ba, tata daban, kuma a jikin mutum take tun kafin ya sa ƙafa, ba ya kwance ta don ta dame shi. Ɗaurin ƙugu ba shi da amfani ga wanda ya suma: jiki yana lanƙwashewa biyu ya tokare bango, ko igiyar ta zame ta hammata. Ɗamarar da ke kama cinyoyi da kafaɗu ake so, maɗaurinta a tsakiyar baya ta sama, yadda mutum zai taho a miƙe. Ana samun irinta wurin masu sayar da kayan gini, masu hawa dogayen gine-gine da ita suke aiki. A saman ramin a kafa ƙarfe mai ƙafa uku ko gungume mai ƙarfi da abin da igiya za ta bi ta gudana, don kada ta riƙa cin bakin rijiya. Sannan ku gwada. Ku cika buhu da yashi ya kai nauyin buhun siminti ɗaya da rabi, ku sauke shi ƙasan rijiya, ku ja, wani ya riƙe agogo. Ƙwaƙwalwa tana fara lalacewa bayan minti 4 zuwa 6 babu oksijin. Yawancin waɗanda na sa suka yi wannan gwaji, a ranar suka gane cewa mutum ɗaya a baki ba ya fitar da kowa.

A bakin ramin kuma a sami mutum guda wanda ba shi da wani aiki sai kallon na ƙasa. Ba ya juye guga, ba ya zuwa sayo ruwa, ba ya amsa waya. Lokacin salla ya yi, a fito da na ciki a tafi tare. Aikinsa hira: ya kira sunan na ƙasa a kai a kai, ya ji amsa. In amsar ta yi jinkiri, ko harshe ya yi nauyi, ko mutum ya fara dariya ko surutun da ba kai, ko ya ce kansa na sarawa, ba a tambayarsa ko zai iya ƙarasawa. A ja.

Sauran haɗurran ka fi ni saninsu, ba zan koya maka sana'arka ba: bango mai yashi da damina, tsohuwar rijiyar da ba a ɗaure ta da kankare ba, tulin ƙasa da ake tarawa daf da baki, guga ko dutse da ke faɗowa kan wanda ba shi da hular kwano, wayar sumo da aka yi wa ɗaurin leda tana cikin ruwan da mutum ke tsaye. A kashe famfo daga sama kafin a sauka. Abu ɗaya kawai zan ƙara: al'adar nan ta zura ƙaramin yaro saboda shi ne ramin zai ɗauka, a daina ta.

Wanda ya bi

Yanzu mu dawo kan wan. A 1986 cibiyar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka, NIOSH, ta fitar da gargaɗi cewa fiye da kashi 60 cikin ɗari na masu mutuwa a irin waɗannan wurare masu ƙoƙarin ceto ne. Wani nazarin da ta yi daga baya ya sami kusan ɗaya cikin uku. Ko wanne ka ɗauka, maganar ɗaya ce, kuma ka gan ta a unguwarku. Ramin da ya kayar da mutum na farko bai canza ba don na biyu ya zo da niyyar alheri.

Na san nauyin abin da nake faɗa. Ɗan'uwa rabin jiki ne, kuma babu wanda zai ga ƙaninsa a kwance a ƙasa ya tsaya lissafin oksijin. Ban ga laifin wannan bawan Allah ba ko kaɗan. Amma saboda haka ne ba a barin shawarar sai lokacin da abin ya faru, domin a lokacin babu mai hankali a wurin. Tun da safe, kafin a fara aiki, kai maigida ka tara yaranka ka faɗa da bakinka: in wani ya faɗi a ƙasa, babu mai sauka, ja za mu yi. Ka kuma san cewa in abin ya faru, aikinka na farko yana iya zama rungume wani jarumi daga cikin taron jama'a. Wani zai ce zai riƙe numfashinsa. Ka lissafa masa: ya sauka gaba goma sha biyu, ya ɗaga mutumin da ya saki jiki, ya ɗaure shi, ya hau, duk da numfashi ɗaya. Ba a yi wannan mutumin ba tukuna.

Abin yi shi ne a ja igiya, a ci gaba da tura iska ƙasa, wani ya kira 'yan kwana-kwana. A Najeriya akwai lambar gaggawa 112, a Nijar 18, amma ka nemi lambar ofishin kashe gobara mafi kusa da inda kuke aiki ka ajiye ta a waya tun kafin ranar. Ka gaya musu rami ne kuma ana zaton gas, don su taho da tukunyar numfashi, ita kaɗai ce ke ba mutum damar sauka cikin irin wannan iska. In an fito da mutum, a kwantar da shi a fili, a duba ko yana numfashi. In ba ya yi, a danna tsakiyar ƙirjinsa da ƙarfi da sauri, sau 100 zuwa 120 a minti, kada a tsaya har taimako ya zo. Kada a ɗura masa manja ko madara, wanda ya suma ba ya haɗiya, huhunsa za su tafi. In ya farfaɗo ya ce ya warke, duk da haka a kai shi asibiti a gaya wa likita daga inda aka ciro shi, domin haidurojin salfaid yana iya tara ruwa a huhu bayan sa'o'i, kabon monoksaid ma yana da illar da ke biyo baya. Daga nan aikin likita ne, ba nawa ba.

Dokar masana'antu ta Najeriya ta yi tanadi a kan shiga wuraren da ake tsoron mugun turiri, amma mu duka mun san babu jami'in da zai zo bakin rijiyar wani gida a lungu. Kai ne hukumar wurin. Kuma ina so in fito maka fili game da iyakar abin da na faɗa: bulowa da igiya da mai tsaro suna rage haɗari sosai a rijiyar ruwa, amma ba sa gaya maka abin da ke ƙasa. Sokawe, da masai, da tankin da ya taɓa ɗaukar mai, ni ban san wata dabara da za ta sa in yarda mutum ya shiga ba tare da awo ba. In mai gida ya matsa, ya ce wani zai yi masa a rabin kuɗi yau-yau, ka bar masa aikin.

Ita kuwa rijiyar da ta ci 'yan'uwan nan, ka je ka sami mai unguwa. A rufe ta da murfin kankare mai nauyin da yara ba za su iya ɗagawa ba, kada kuma kowa ya sake sauka, ko don yasa ko don ciro kayan aikin mamatan, sai an kawo na'ura an auna ta daga sama har ƙasa.